Ba Kowace Kalashnikov Ce AK-47 Ba

Akwai wata ɗabi'a da ta kama ni shekaru da dama, wadda har yau ban rabu da ita ba: duk lokacin da na ga hoton soja ko na ɗan tawaye riƙe da bindiga a cikin labarai, kafin in karanta bayanin da aka rubuta a ƙarƙashin hoton sai na fara buɗa shi na ƙura wa bindigar ido. Abin da ya jawo haka shi ne na lura cewa duk bindigar da gidan harsashinta ya lanƙwasa kamar lauje, suna guda ake laƙaba mata, wato AK-47, alhali kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu suka cancanci wannan suna. Yawancinsu ƙannenta ne, ko 'ya'yanta da aka ƙera a wasu ƙasashe, wasu ma ba su haɗa jini da ita ba sai dai kamannin fuska. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne bindigogin wannan dangi sun kai miliyan 100 a duniya, don haka ba abin mamaki ba ne a ce sunan guda ya yi musu kaɗan.

Mikhail Kalashnikov, wanda aka haifa a 1919 ya kuma rasu a 2013, saje ne a rundunar tankokin yaƙi ta Tarayyar Sobiyet, kuma raunin da ya samu a yaƙin Bryansk a watan Oktoba na 1941 shi ne ya raba shi da fagen fama ya mayar da shi ga zanen makamai. Harsashin ya riga bindigar zuwa duniya, domin tun a 1943 Sobiyet ta fito da 7.62×39 (kaurin harsashin da tsawon kwansonsa ke nan a milimita), wanda ya fi na ƙaramar bindigar hannu ƙarfi amma bai kai na doguwar bindigar da sojoji ke riƙewa a lokacin ba, sannan aka shiga neman bindigar da za ta dace da shi. Samfurin 1947 ne ya yi nasara a gwaji, aka kuma karɓe shi a hukumance a 1949. Sunan da rundunar ta ba bindigar AK ne kawai, lambar 47 kuwa ta samfurin ce, ta bi ta har ta zama sunan da duniya ta sani.

Kuskuren da na daɗe ina yi a farko shi ne duba katako. Ƙotar da ake dogarawa a kafaɗa, da mariƙin hannu, da katakon da ya rufe ƙasan bututu, duk ana iya cire su a sa wasu cikin 'yan mintuna, saboda haka shaidarsu mai rauni ce. Wurin da ya kamata ido ya fara sauka shi ne akwatin ƙarfen da ke tsakiya, wanda bututu ke shiga ta gabansa, gidan harsashi ke maƙalewa ta ƙarƙashinsa, kunama kuma ke zaune a cikinsa. Wannan akwati shi ne ainihin bindigar, kuma tarihin dangin gaba ɗaya ya rataya ne a kan yadda aka ƙera shi.

Nufin farko shi ne a yi akwatin da fallen ƙarfe, a danna shi da injin matsi ya lanƙwasa, domin hakan ya fi sauri da arha. Da haka aka yi rukunin farko, wanda masu nazari ke kira nau'i na ɗaya, amma masana'antun Sobiyet na wancan lokaci ba su gama ƙwarewa a waldar sassan cikinsa ba, sai ya zamana ana watsar da akwatuna da yawa tun kafin su bar masana'anta. Maimakon a dakatar da aiki, sai a 1951 aka koma sassaƙa akwatin daga dunƙulen ƙarfe guda, aikin da ke cin lokaci, wanda kuma mafi yawan ƙarfen ke zubewa ƙasa a matsayin tarkace, amma injinan yin sa da ma'aikatan da suka iya shi suna nan a shirye. Wannan shi ne nau'i na biyu, sannan a tsakiyar shekarun 1950 nau'i na uku ya biyo baya. Sassaƙaƙƙen akwati ba ya ɓuya: jikinsa sumul yake, ba ƙusoshi birjik a kansa, kuma a kowane gefe, sama da wurin da gidan harsashi ke shiga, akwai wani dogon rami mai kusurwa huɗu da aka fafe don rage nauyi. Idan ana son rarrabe na biyu da na uku, sai a duba wurin da ƙota ta haɗu da akwati. A na biyu akwai wani ƙarfe kamar takalmi da ƙotar ke shiga cikinsa, a na uku kuwa katakon ya manne da akwatin kai tsaye. Ramin rage nauyin ma ya bambanta, domin a na biyu ya miƙe daidai da bututu, a na uku kuma ya ɗan karkace. Waɗannan ukun, tare da 'yar'uwarsu AKS mai ƙotar ƙarfe da ke naɗewa ta ƙarƙashi, su ne kaɗai nake yarda in kira AK-47 ba tare da zuciyata ta yi ɗar ba.

A 1959 ne aka cimma burin farko. Fasahar matse ƙarfe ta nuna, aka fito da AKM, wadda harafin ƙarshe na sunanta ke nufin an sabunta ta, kuma ita ce aka fi ƙerawa aka fi kwaikwaya a cikin dangin duka. Akwatinta fallen ƙarfe ne mai kaurin milimita 1, an ɗaure shi da ƙusoshi masu dunƙulallen kai waɗanda ake gani sarai a gaba da baya. A maimakon dogon ramin nan mai kusurwa huɗu, abin da ke sama da gidan harsashi ɗan ƙaramin lotsawa ne mai siffar ƙwai, kamar an danna babban yatsa a jikin ƙarfen. Ba ado ba ne: tun da fallen siriri ne, cikin akwatin ya fi faɗi, sai aka lotsa gefunan domin su riƙe gidan harsashi kada ya riƙa girgiza. Wannan bambanci tsakanin dogon rami da ɗan lotsawa shi ne abu mafi amfani da na koya a wannan fanni, domin ko a hoton da ba shi da kyau akan iya hango shi, kuma shi kaɗai ya isa ya raba AK da AKM.

Sauran alamomin AKM suna ƙarfafa hukuncin ne kawai. A bakin bututun yawancinsu akwai wani ɗan ƙarfe da aka yanke a karkace kamar bakin alƙalamin kara, wanda aikinsa shi ne ya tura hayaƙin harbi sama da dama domin bakin bindigar ya daina ɗagawa ta wannan ɓangare idan ana harbi a jere. Murfin saman akwatin yana da ƙusumbi-ƙusumbi a gicciye, saboda an yi shi da ƙarfe mara kauri da ke buƙatar ƙarin ƙarfi, alhali na AK sumul ne. Ma'aunin saiti na baya ya kai mita 1000, na AK kuwa ya tsaya a 800, ko da yake a ganina wannan ƙari na takarda ne, tun da ba wanda ke sa ran wannan harsashi ya yi abin kirki a irin wannan nisa. Katakon gaba yana da kumburi a gefe biyu inda tafin hannu ke kamawa, an ƙara wurin maƙala banati a ƙarƙashin bututu, nauyin bindigar kuma ya sauko zuwa kimanin kilo 3.1. Abin da bai canja ba shi ne tsawon bututu na milimita 415, da gidan harsashi mai cin 30, da saurin harbi na kimanin 600 a minti.

Da zarar an san irin akwatin, tambaya ta gaba ita ce wace ƙasa ce ta ƙera, kuma a nan bindigar da kanta take ba da amsa idan hoton ya matso kusa. A gefen hagu, daidai inda bututu ya shiga akwati, ana buga tambarin masana'anta da lambar bindigar, sau da yawa har da shekara. Kibiya a cikin alwatika ta Izhevsk ce, tauraro na Tula ne, dukansu a Rasha. Lamba 10 a cikin zobe biyu ta masana'antar Kazanlak ce a Bulgeriya, 11 a cikin da'ira mai siffar ƙwai ta Radom ce a Polan, 66 a cikin alwatika kuma ta ƙasar Sin ce. A gefen dama akwai shaida ta biyu, wadda ni na fi jin daɗin karantawa, wato haruffan da ke kusa da doguwar sandar zaɓin harbi. Sandar tana da matsayi uku, sama kulle, tsakiya harbi a jere, ƙasa ɗaya-ɗaya, kuma kowace ƙasa ta rubuta su da harshenta. Rasha ta sa АВ da ОД, Bulgeriya ta sa АВ da ЕД, bambancin harafi guda ke nan da ke ruɗa mai gaggawa. Jamus ta Gabas ta sa D da E, Polan ta sa C da P, Romaniya ta sa S da FA da FF, Yugoslabiya ta sa U da R da J, Hangari kuwa ta guje wa haruffa ta sa lamba 1 da alamar nan ta lissafi mai kama da 8 a kwance.

Ta ƙasar Sin, wadda ake kira Type 56 saboda shekarar 1956 da aka fara ƙera ta, ta cancanci a daɗe a kanta, domin ita ce ta fi saɓa ƙa'idar da na shimfiɗa a sama. Da farko kwafin nau'i na uku ce, da sassaƙaƙƙen akwati. Daga baya, bayan dangantaka ta yi tsami tsakanin Beijing da Mosko, Sinawa suka koma fallen ƙarfe bisa dabararsu, ba tare da bin zanen AKM sau da ƙafa ba, sai aka samu wata bindiga mai akwati irin na AKM amma sauran jikinta na tsohuwar AK: murfi sumul, ma'aunin saiti na mita 800, babu karkataccen ƙarfen nan a baki, fallen akwatin ya fi kauri da kusan rabin milimita, jerin ƙusoshin gaba ma daban. Alamar da ba ta kuskure a kanta ita ce saitin gaba. A bindigogin Sobiyet da na Turai ta Gabas, ɗan tsinken saitin yana tsakanin kunnuwa biyu da ke buɗe ta sama, a Type 56 kuwa zobe ne cikakke ya kewaye shi, da ɗan rami a samansa. Da yawa daga cikinsu suna da banati mai tsini kamar mashi wanda ke manne da bindigar yana naɗewa ƙarƙashin bututu, amma rashinsa ba hujja ba ce, domin akwai waɗanda aka yi babu shi, akwai kuma waɗanda aka cire musu. Haruffan sandar zaɓi ko dai na Sinanci ne ko kuma L da D. Mai ƙotar ƙarfe da ke naɗewa ta ƙasa ita ce 56-1, mai naɗewa ta gefe kuma 56-2. Wani abin da ke ƙara rikita lissafi shi ne Sinawa sun ba kwafinsu na wasu bindigogin Sobiyet biyu na daban, SKS da RPD, wannan lamba ta 56, saboda haka idan rahoto ya ce an kama Type 56 ba tare da hoto ba, makamai uku ne mabambanta ke iya amsa sunan.

Na Turai ta Gabas sun fi sauƙin ganewa, kusan daga nesa. Ta Romaniya, md. 63, tana da mariƙi na biyu da aka sassaƙa a jikin katakon gaba ya karkata gaba, a md. 65 mai ƙota mai naɗewa kuwa an karkatar da shi baya don kada ƙotar ta buge shi. AMD-65 ta Hangari gajera ce, gabanta fallen ƙarfe ne mai huji-huji da mariƙi na biyu, ƙotarta kuma sandar ƙarfe guda ce siririya. MPi-KM ta Jamus ta Gabas tana da ƙotar roba mai ƙuraje-ƙuraje kamar fatar kada. Zastava M70 ta Yugoslabiya, wadda ake ƙerawa a Kragujevac, katakon gabanta ya fi tsawo, da ramukan shan iska uku maimakon biyu, kuma a saman bututun hayaƙi tana da wani saiti mai kama da tsani da ake ɗagawa idan za a harba gurneti daga bakin bindiga. Tabuk ta Iraƙi daga gare ta aka kwafa, shi ya sa ramuka ukun ba su isa su tabbatar da ƙasa ba sai an ga tambari. Ta Masar da ake ƙerawa a Maadi kuwa ta yi kama da AKM ta Sobiyet matuƙa, har sai rubutun Larabcin da ke jikinta ya raba gardama.

A nan ne zan faɗi inda na taɓa jin kunya. Na taɓa yin musu da wani abokina a kan wani tsohon hoto na sojojin Cekoslobakiya, na dage cewa bindigar da ke hannunsu wani nau'in AKM ne da aka rage wa ƙiba, shi kuma ya ce ko kusa. Shi ne mai gaskiya. Bindigar vz. 58 ce, kuma kama da wane ba wane ba ce: harsashinsu ɗaya, lanƙwasar gidan harsashinsu kusan ɗaya, amma a ciki ba abin da ya haɗa su. Fistin ɗinta, wato sandar da hayaƙin harbi ke turawa baya don a ɗora sabon harsashi, gajeren bugu yake yi ya tsaya, ba ya tafiya tare da sauran sassan har ƙarshe kamar na AK, yadda take kulle harsashi daban ne, kuma ko gidan harsashin ɗaya ba ya shiga ɗaya. Da na duba gefen dama da kyau da na tsira, domin ba ta da doguwar sandar zaɓin nan da ke rufe gefen akwati, sai ɗan ƙaramin maɓalli a sama da mariƙi, kuma saman akwatinta a buɗe yake ta gaba. Akasin wannan ma yana faruwa. RK 62 ta Finlan, da Galil ta Isra'ila da aka gina a kanta, da R4 ta Afirka ta Kudu da aka gina a kan Galil, ba su yi kama da AK sosai a ido ba, amma idan aka buɗe su tsarin Kalashnikov ne tsantsa. Haka kuma PSL ta Romaniya, wadda ake yawan ɗauka Dragunov ce, wato bindigar harbin nesa ta Sobiyet, saboda tsawonta da ƙotarta mai huda, a ciki AK ce da aka faɗaɗa, ita Dragunov ɗin kuwa zanen wani mutum ne daban.

Canji mafi girma bayan AKM ya zo a 1974, lokacin da Sobiyet ta bi sawun Amurka wajen ƙanƙanta harsashi ta fito da 5.45×39 da bindigar AK-74. Ƙwayar tsohon harsashin tana da nauyin kimanin giram 8, tana fita da gudun mita 715 a daƙiƙa, ta sabon kuwa ba ta kai rabin wannan nauyi ba amma tana fita da kimanin mita 900, wanda ya sa take tafiya a miƙe, bindigar ba ta dukan kafaɗa sosai, soja kuma yana iya ɗaukar harsasai da yawa. Alamarta ta farko ita ce dogon ƙarfe mai siffar gwangwani a bakin bututu, da manyan tagogi a gefensa. Ta biyu ita ce gidan harsashi, kuma dalilin bambancin yana burge ni: kwanson 7.62×39 yana tsukewa sosai daga gindi zuwa wuya, saboda haka idan aka jera talatin dole jerin ya lanƙwasa kamar lauje, kwanson 5.45 kuwa bai tsuke haka ba, sai gidansa ya fi miƙewa. An kuma fafe dogon layi a kowane gefen ƙotar katako, wanda ke rage nauyi yana kuma sa soja ya gane ta da taɓawa ko cikin duhu, abin da ke da muhimmanci a rundunar da ke riƙe da bindigogi biyu masu kama da juna waɗanda harsasansu ba sa shiga na juna. Launin gidan harsashi kuwa kada a dogara da shi, domin jan-ƙasan nan da ake dangantawa da AK-74 an yi wa AKM irinsa tun kafin ta.

AKS-74 tana da ƙotar ƙarfe mai siffar alwatika da ke naɗewa ta hagu, AKS-74U ta 1979 kuma ita ce gajeruwar da bututunta kusan rabin na sauran ne, da baki mai buɗewa kamar mazurari. Yaƙin Afganistan na 1979 zuwa 1989 ne ya nuna wa duniya su. A 1991 aka fito da AK-74M mai baƙar roba gaba da baya, daga gare ta kuma aka samu jerin da ake kira na ɗari, inda tarko na ƙarshe yake: AK-103 tana da baki irin na AK-74 da baƙar roba irin tata, amma harsashinta tsohon 7.62×39 ne, don haka lanƙwasar gidan harsashi ce kawai ke tona ta a hoto, AK-101 kuma tana cin 5.56 na ƙungiyar NATO. AK-12 da rundunar Rasha ta karɓa a 2018 ta fi sauƙin ganewa, saboda layin maƙala na'urorin hange da ya bi saman murfinta da kuma saitin baya da aka mayar can ƙarshen murfin.

Duk wannan bayani yana aiki ne sosai a kan bindigar da ta fito daga masana'anta ba a taɓa ta ba, irin wadda ake gani a gidan tarihi. Wadda ta yi shekara arba'in tana yawo daga yaƙi zuwa yaƙi takan zama haɗin gambiza: akwatin Romaniya, ƙotar Sin, murfin Rasha, gidan harsashin Bulgeriya. A irin wannan hali nakan bi akwati da tambarinsa, in ɗauki sauran a matsayin labarin tafiyar da ta yi, kuma idan lambar da ke kan murfi ta saɓa da ta akwati na san an yi musanye. Akwai kuma waɗanda ba su fito daga kowace masana'anta ba, kamar na maƙeran Darra Adam Khel a Pakistan, waɗanda ke ƙera kwafi da hannu har su buga masa tambari. Su kan tonu ne ta wurin rubutun, inda za a ga harafin Rashanci a juye, ko tauraron Tula a jikin bindiga mai zoben saiti irin na Sin, ko shekarar da aka buga ta riga shekarar da aka fara ƙera wannan nau'in.